Farin Zobe a Tayoyin Baya

Sharaɗi ɗaya Inna ta kafa wa 'ya'yanta biyu a kan tsohuwar motar marigayi mahaifinsu: su gyara ta tare, ba faɗa. Ranar da ta ji muryar ɗayansu ta tashi, mai kiwon kaji na bayan layi zai zo ya ja ta, dama ya daɗe yana cewa za ta yi kyau da akurki.

Tela, babban ɗan, ya fi kowa tsoron maganar nan. Yana son motar nan kamar ransa. Matsalarsa ita ce ƙaninsa, Mai Aski, wanda tun suna yara in an ce gabas sai ya ce yamma. Sati uku suka yi suna haɗiye magana har maƙogwaro ya yi ciwo.

Saura aiki ɗaya, zana farin zobe da fenti a jikin tayoyin baya. Suka ɗaga bayan motar a kan jak biyu, Tela ya tura giya zuwa P, wato fakin, don kada komai ya motsa, kowa ya tsuguna a gefensa da burushi, ba mai ganin wani.

Tela ya ɗora burushi ke nan, da hannun da bai taɓa karkata ɗinki ba, sai tayarsa ta juya baya da kanta, daidai lokacin da Mai Aski ya ɗan juya tasa gaba. Fenti ya yi nasa wuri. Ya cije leɓe, ya mai da ita gaba.

"Yaya," in ji Mai Aski cikin raɗa daga can gefen, "me na yi maka?"

"Ni zan tambaye ka. Sakar mini tayata."

"Ina ni ina tayarka? Tawa ce ke gudu!"

Haka suka yi ta zagin juna a raɗe, suna ɗagowa suna yi wa Inna murmushi, tana zaune a bakin ƙofa da kofin shayinta.

Maƙwabcinsu bakanike ya leƙo, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "P ɗin nan 'yar ƙugiya ce kawai. Yana faɗawa tsakanin haƙoran giya, ya kulle sandar da ke kawo juyi baya. Bai san da taya ba. Tulun ƙarfen nan da ke tsakanin tayoyin kuwa raba juyi ne aikinsa, don in an sha kwana tayar waje ta fi ta ciki gudu. In sandar nan a kulle take, duk abin da wannan ta yi gaba, sai waccan ta yi baya daidai shi. Ku yi ɗaya bayan ɗaya mana."

Ba wanda ya yarda ya zama na biyu, ai ka sani. Sai Tela ya riƙa juya tasa gaba a hankali, ta ƙaninsa na tafiya baya, kowa ya kafe burushinsa wuri ɗaya. Zobe biyu suka fito tas.

Inna ta taso ta zagaya motar. Ta ce, "Duk zagin da kuka yi na ji. Kunnena lafiya lau."

Tela ya waiga wajen bayan layi, inda mai kaji yake, sai Inna ta ci gaba.

"Amma murya ba ta tashi ba. Fenti na bushewa ku sauke ta, mu zaga gari."

"Wa zai tuƙa?" suka tambaya a tare, kowa ya miƙo hannu.

Inna ta zare makullin daga aljihun Tela. "Ku shige baya, kowa gefensa. Ubanku ma ni na koya masa."