Tagar Malam Kalilu

Kwamfutarsa ta hannu, filas biyu na ajiye bayanai, sukuddireba, ƙwaƙwalwar kwamfuta guda naɗe cikin takarda, da ledar lemo. Abin da Shamsu ya ɗauko daga Katsina ke nan. Motar Jibiya ta tsaya a shinge na bakwai, shi kuwa sai kaɗa ƙafa yake yana duba agogo. Shekara shida ya yi yana karatu a Malesiya, ya dawo da digiri da rashin iya jira.

Hajo ce ta kira shi da safe, matar Malam Kalilu, maƙwabcinsu da katanga ɗaya ta raba su. "Injin ya ƙi, kuma Malam ba ya da daɗi. Ya ce kai kaɗai."

Shekara talatin Malam Kalilu ya yi yana rubuta wa fatake takardu a bakin iyaka, na Hausa da na Faransanci. Da ya tsufa sai ya koma rubuta asalin danginsa, waɗanda iyaka ta raba tsakanin Jibiya da Maraɗi, don jikoki su san juna. Shamsu ne ya sa masa manhajar Linux a tsohuwar kwamfutarsa. Reshe ɗaya ya rage a rubuta, dangin uwarsa na Riko, kuma a kansa kaɗai suke.

Ya same shi kwance a ɗakin zaure, ya rame ƙwarai, kwamfutar na kan tebur kusa da kansa.

"Ɗan Malesiya, ka iso? Na ce ko duwan sun riƙe ka."

"Baba, daga Katsina nake, babu kwastan na Nijar a hanya."

"Ko'ina akwai duwan. Duba mini wanga abu. Taga ɗaya nake so shi buɗe, sai shi yi ta tunani kamar alƙali."

Shamsu ya kunna. Wani ɗan gyara a tasha ya sabunta ta, ya ɗora mata sabuwar fuska mai ado wadda ta cinye ƙwaƙwalwar duka. Kafin tagar takardar ta buɗe a fuskar injin, batirin sola ya yi ƙara ya mutu. Ya kwance bayan injin, ya gwada ƙwaƙwalwar da ya zo da ita. Ba ta shiga ramin ba. Ta zamani ce, injin na da ne.

"Baba, ka faɗi sunayen in rubuta da biro."

"A'a. Sai na ga inda na tsaya. Salmatu uku gare mu. In na rataya ɗiyan wata ga wata, na ɓata zuri'a."

"To sai an cire adon nan, a sa mai kula da tagogi mara nauyi. Shi ne ɗan shirin da ke buɗe taga ya rufe, ba ya wani aiki."

"Sa shi mana."

"Suna da yawa. Akwai Openbox, akwai IceWM, akwai Fluxbox, akwai..."

"Duk dangi ne?"

"Kusan haka."

"To ɗauko wanda ke kusa."

Shamsu bai ɗauko wanda ke kusa ba. Bayan azahar ya sa batirin a rana, ya shiga gidansu inda sabis ya fi ƙarfi, ya zauna da tasa kwamfutar. Openbox ba shi da nauyi, amma fili ne fetal, tsoho zai rasa inda zai danna. IceWM yana da sanda a ƙasa irin wadda Malam ya saba, amma wani ya rubuta cewa JWM ya fi shi sauƙi da 'yar tazara. Ya sauke duka. Ya gwada, ya auna, ya tashi ya zagaya tsakar gida, ya dawo ya sake aunawa. Tireloli na ta wucewa a titi, katanga na rawa. Sau biyu Hajo ta ɗaga murya ta bayan katanga: "Shamsu, Malam na tambaya." Sau biyu ya ce, "Minti biyar, Inna."

Ana kiran la'asar ya ji salatinta.

Da ya shiga, tagogin ɗakin biyu a wangale suke, iska na ɗaga labule. Hajo na zaune a ƙasa, ta riga ta ja masa mayafi.

"Taga ya yi ta cewa," in ji ta. "A buɗe mishi taga. Na buɗe wannan, ya girgiza kai. Na buɗe waccan, wadda ba a taɓa ba tun damina, ya girgiza kai. Na ce Malam, babu sauran taga a ɗakin nan. Ko zafi yake ji, Allah masani."

Shamsu ya dubi tebur. Kwamfutar na nan a kashe.

Kafin magariba aka kai shi. Mutanen Maraɗi ba su samu jana'iza ba, sai washegari suka fara isowa a kan babura.

Da hantsi, ana zaman makoki a ƙofar gida, Shamsu ya shiga ɗakin zaure ya jona batiri. Ya sa IceWM. Minti huɗu aikin ya ci. Ya danna takardar, ta buɗe nan take. Shafi sittin da ɗaya, suna ƙarƙashin suna, kowane da garinsu. Layin ƙarshe ya ce: "Dangin uwata Rabi'a, na Riko." A ƙasansa babu komai sai ɗan layin nan mai ƙiftawa.

Hajo ta tsaya a bakin ƙofa da kwanon fura. "Injin ya tashi?"

"Ya tashi, Inna. A Riko, wa ya rage cikin tsofaffi?"

Ta ajiye kwanon. "Akwai Luba, 'yar ƙanen uwarsa. Ta makance, amma kanta garau. Hanyar dai ka san yadda take yanzu, babu tsaro."

Ya kwafe takardar a filas ɗin duka biyun, ya miƙa mata ɗaya. Ya rufe tagogin, ya sa musu sakata. Ledar lemon na nan inda ya ajiye ta jiya. Ya fito ya ja ƙofar har ta kama.

"Ba zan koma Katsina ba yau," ya ce. "Gobe da sassafe Riko zan tafi."