Jar Mota a Kan Bulo

Kowace Juma'a bayan la'asar, Intala yakan tafi Agadas ba tare da ya fita daga tsakar gidansa na Akokan, kusa da Arlit, ba.

Motar ja ce, mai ƙofa biyu, cikinta dab da ƙasa kamar ƙadangare. Wani injiniya Bafaranshe ya sayar masa da ita tun yana tuƙa kamiyon kamfanin ma'adinai, kuma ta ci hanya har lambobin kilomita suka cika suka koma farko. Da gudron Agadas, wato kwaltar hanyar, ya farfashe, aka kuma rufe ramin uraniyam, sai ya ɗora ta a kan bulo don kada tayoyi su lalace, ya ce sai an gyara hanya. Amma bai daina tuƙi ba. Yakan shiga, ya tayar, ya sa giya, tayoyin baya suna juyawa a banza, shi kuwa yana kiran sunayen wuraren da ake wucewa.

Haka 'yarsa Zahra ta tarar da shi da ta dawo daga karatu a Yamai.

"Abba, ina ka kai?"

"Mun kusa mararrabar Cirozerin. Rufe ƙofar, ba a buɗe ta ana gudu."

Ba ta yi dariya ba. A ganinta garin nan gaba ɗaya a kan bulo yake: kowa ya zauna da shayinsa yana jiran wani ya zo ya buɗe, ya gyara, ya mayar da jiya. Sai ƙauri ya bugi hancinta. Ta aika aka kira Fatahu, makanike ɗan Damagaram. Ya ɗaga murfin injin, ya taɓa, ya janye hannu da sauri.

"Baba Intala, dafa ta kake yi. Irin wannan da gudu take shan iska. A tsaye babu abin da ke sanyaya ta. Ka ci gaba da haka, moter ya ƙone, kuma irinsa ko a Yamai babu."

"To, sai in daina tayarwa."

"Ta mutu a zaune ke nan. Ko ta taka ƙasa, ko mu haɗa mata likkafani."

"Idan an gyara hanya..."

"Wa zai gyara?" in ji Zahra. "Tun ina firamare kuke wannan magana. Ka ɗaure ta kamar akuyar layya, kana cewa lallaɓa ta kake. Ga gudro nan daga ƙofar gida har Arlit, me ya hana ka?"

Intala ya shafa sitiyari da tafin hannu. Fatar sitiyarin ta siɗe daidai inda yatsunsa ke zama.

"Ba na ganin hanya, Zahra. Tun bara."

Fatahu ya sunkuya yana neman wani abu a akwatin kayan aikinsa. Zahra kuwa sai yanzu ta dubi idanun uban da kyau, ta ga farin da ya rufe su.

Washegari da hantsi suka sauke motar. Fatahu ya yi wa tayoyi iska yana yi musu addu'a. Zahra ta zauna a kujerar direba, uban a gefenta, hannunsa a kan giya.

"Ke da ƙafa, ni da hannu. Taka. Saki a hankali, ba jaki ba ce."

Suka wuce gidajen ma'aikata da aka ciccire wa tagogi. Yana jin muryar moter ta tashi sai ya ce ta taka, ya canza giya. Iska ta shigo ta kaɗa bakin rawaninsa. Suka ratsa Arlit, masu shayi suna miƙewa suna nuna su, har inda gudron ya fara watsewa. Ta tsaya.

"Me ke gaba?"

"Ramuka, Abba. Har iyakar gani."

Ya fitar da hannu ta taga, ya miƙa shi wajen kudu, ya bar shi haka jim kaɗan.

"Juya," ya ce. "Tsayuwa ba ta yi mata kyau. Mu sake."