Cikon Goma

Takwas ne a ɗakin otal ɗin, har da shi. Efrayim ya sake ƙirga kawunan, ko ɗaya bai ƙaru ba.

Bayahude ne mai sarin jakunkuna a kasuwar Shiling da ke gefen birnin Guangzhou, tsoho, ba mata, ba ɗa. Yau ce ranar tunawa da mahaifinsa, Zalman, kuma a addininsu addu'ar mamaci ba ta yiwuwa sai maza goma sun hallara kafin faɗuwar rana. Ga shi wasannin Olamfik sun sa an tsaurara biza, baƙi sun watse daga Guangzhou.

Bai taɓa ganin uban ba. Majemi ne da ya baro Turai da akwatin kayan aikinsa, ya kafa bukka a wata fadama mai sauro, ya haƙa rijiya, ya dasa lemo. Lemon bai kai ga yin 'ya'ya ba yaƙi ya ɓarke, irin yaƙin da kowane ɓangare ke da kaburburansa. A bakin rijiyar nan ya faɗi da bindiga a hannu, Efrayim yana ciki ba a haife shi ba. Addu'ar nan ta shekara-shekara ita kaɗai ce ta haɗa su.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Alhaji Kallamu ne, ɗan Maraɗi da suke haɗa kaya a kwantena ɗaya, ya sha babbar riga, ya janyo abokinsa Ƙasimu. Jiya ya ji tsohon yana ta cigiyar mutane a waya.

"Maigida, mutum biyu kuka rasa, ko?" in ji Kallamu. "To, ga mu, mun cike."

Efrayim ya sunkuyar da kai.

"Alhaji, na gode. Amma sai Yahudawa."

"Ikon Allah! Mu a wurinmu ko mai wucewa ne, matsa masa ake yi a tabarma."

Kunya ta kama Kallamu har ya rasa inda zai sa hannunsa. Su kuwa bakwai ɗin nan, da suka ga abin ba mai yiwuwa ba ne, sai kowa ya tuna yana da kaya a kasuwa. Ɗaya bayan ɗaya suka sulale.

Kallamu bai tafi ba. Haba, wa ke barin mai makoki shi kaɗai? Shi da Ƙasimu suka tuɓe takalma, suka zauna a ƙasa.

Efrayim ya tsura wa kyandir ɗin da ya kunna ido. Can ya soma ba su labarin rijiyar da lemon, da hannun uban da aka ce kullum warin jima yake. Bai ankara ba rana ta faɗa bayan dogayen benaye. Bana dai addu'a ta wuce, kuma abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Kallamu ya tafa hannu a hankali, ya ce da Hausa, "Allah Ya ba ka haƙuri."

Tsohon bai ji ko kalma ɗaya ba. Ya dai ga an yi shiru ana jiransa.

"Amin," ya ce.