Kwaɗo a Kan Tankin Mai

Yayana yana da makullai sun fi ashirin a ɗaure a ƙugunsa, tun daga bakin ƙofa za ka ji tahowarsa kacau-kacau. Akwai na sito, na ɗakin abincin kaji, na janareto, kai har firjin gidansa bai tsira ba. To wannan mutumin mijina yake ja wa mota shekara goma sha ɗaya. A-kori-kura ce fara mai shan dizal, da ita ake kai ƙwai daga gonar kajin Yaya zuwa shaguna, a dawo da buhunan dusa. Mijin nawa kuwa, Baban Ƴan Biyu, irin mutanen nan ne da in ka taka musu ƙafa su za su ce maka sannu. Ina son abina, amma wallahi haƙurinsa yana ƙona min rai.

Wata rana wani maras aikin yi ya raɗa wa Yaya cewa direbobi suna zura tiyo a tanki su zuƙi mai. Ba a ma ce mijina ba, cewa aka yi direbobi. Shi ke nan, Yaya ya kasa zama. Ya kai motar wurin mai walda, aka cire murfin tankin na asali aka yi jifa da shi, aka ƙera wani na ƙarfe mai kauri, aka yanko robar tayar mota aka shimfiɗa a ƙarƙashinsa, wai ko warin man kada ya fita. Aka ɗana masa kwaɗo. Kullum da safe Yaya da kansa yake cika tankin, ya datse, ya rataya makullin a ƙugu.

Na ce wa mijina, "Ba ka ji zafi ba?"

Ya ce, "Motarsa ce."

Motarsa ce! Ka ji fa.

Ba a yi sati ba motar ta fara halinta. Za ta tashi lafiya lau, a yi tafiyar rabin awa ko fiye, sai ta soma shessheƙa, famfon mai ya riƙa wani kuka siriri daga ƙasa, ta yi fizga biyu ta mutu a gefen titi. A murza makulli, a murza, shiru. Wani lokacin in an bar ta awa biyu a rana sai ta ga dama ta tashi. Wani lokacin kuma ta wuni tana aiki ba ta ce uffan ba, musamman in tafiyar gajera ce. Ƙwai kuma ba ya jiran kowa, masu shaguna suka fara kiran Yaya suna mita.

Aka fara yawon gareji. Bakanike na farko ko sunkuyawa bai yi ba, daga inda yake kishingiɗe a benci ya ce famfo ne. Aka sauke tanki, aka sa sabon famfo, aka zagaya gareji da ita sau biyu, ya ce ta warke. Kwana biyu ta mutu. Na biyu ya ce na farkon jahili ne, filta ce ta toshe. Aka canza filta, ta mutu. Na uku mai gyaran wutar mota ne, ya zazzago wayoyin cikinta kamar mai gyaran kayan ciki, ya naɗe su da baƙin salatif, ya ce wata waya ce take motsi. Shi ma ta ba shi kunya. Na huɗun shi ya fi ba ni dariya. Ya zo da wata ƴar kwamfuta a jaka, da gilashi a ido, ya jona, ya yi ta latse-latse yana gyaɗa kai, can ya ɗago ya sanar da mu cewa mai ba ya isa injin yadda ya kamata. Sannu da ƙoƙari! Ai ko ƴan biyuna sun san wannan. Shi ma famfo ya sa aka sake, wai wancan jabu ne.

Abin da ya lalata komai shi ne, duk ranar da motar ta mutu mijina ya kira Yaya, da Yaya ya iso sai ta tashi. Bugu ɗaya. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, sau shida. Daga nan Yaya ya gama yanke hukunci: motar lafiyarta ƙalau, direban ne yake sulalewa ya yi dakon kayan wasu, in ya makara sai ya ce ta lalace.

Da a ɗaki ya faɗa da sauƙi. A tsakar gidan mahaifiyarmu Inna ya faɗa, ranar da dangi suka taru duba ta, ga ƙannenmu, ga matansu, ga maƙwabta biyu. Ya ce, "Ni mota ba ta taɓa mutu min a hannu ba. Wanda take mutuwa a hannunsa shi ya san inda yake kai ta." Mijina yana zaune a bakin tabarma, kansa a ƙasa. Mutumin da in ƙwai ɗaya ya fashe a hanya sai ya kawo ɓawon ya nuna. Ranar ko abinci bai ci ba. Da muka koma gida ya ce da ni a hankali, "Ƴaƴana za su ji an ce ubansu maci amana ne." Raina ya ɓaci iyakar ɓaci.

Washegari na ajiye ɗinkin da ke gabana, na ɗauki mayafi na shiga gaban motar. Na ce yau sai na ga wannan aljanin da yake tsoron Yaya. Muka bar gona da tanki cike, kiret-kiret na ƙwai a baya. Muna wuce gada ta fara shessheƙar, ta fizga, ta mutu. Baban Ƴan Biyu ya murza makulli har sau biyar ina kallo. Ya kira Yaya.

Yaya ya iso yana huci. Da ya gan ni ya ce, "Au, har shaida aka ɗauko?" Bai kalli injin ba. Ya zaro wata sanda da ya yi wa tsaga-tsaga don awon mai, ya nufi tanki, don kullum abin da yake fara yi ke nan, ya ga ko an sha masa. Ya buɗe kwaɗo, ya murɗa murfin da ƙyar, sai na ji fuuuu, iska ta shige ciki da ƙarfi, tankin ya yi wata ƙara ɓam daga ƙasa. Ya tsoma sandarsa, ya duba, ya datse, ya shiga ya murza makulli. Ta tashi.

Ya leƙo ta taga yana murmushin mugunta. "To ƴar shaida, me kika gani?"

Na ce, "Yaya, wannan ƙarar da murfin ya yi fa?"

"Haka yake yi kullum. Alamar ya kamu da kyau ke nan."

Na tsaya ina kallon murfin. Ni ba bakanike ba ce, ban san sunan ko ƙusa ɗaya a jikin mota ba. Amma shekara nawa ina huda gwangwanin madara? In ka yi masa huji ɗaya, zai ɗan zubo ya tsaya, ka yi ta girgizawa. Sai ka yi na biyu iska ta samu hanya, sannan ya zubo. Na ce, "Yaya, mai yana fita daga tankin nan. Ta ina iska take shiga?"

Ya yi dariya har da buga sitiyari. "Tela ta zama injiniya! Je ki ɗinka zannuwanki."

Na ce, "Na ji. Tunda ba ta mutuwa a hannunka, ja mu ka kai ƙwan da kanka."

Girman kai ya hana shi ƙi. Mijina ya hau baya ya zauna tsakanin kiret, ni ina gaba. Yaya yana tuƙi yana min wa'azi a kan amana. Wa'azin bai kai ƙarshe ba, dab da shiga kasuwa, a tsakiyar titi, motar ta shessheƙa ta mutu. Masu babura suka yi ta hon, wani mai tifa ya leƙo ya tambaye shi ko a gona ya koyi tuƙi. Yaya ya murza, ya murza, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Wallahi na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Na ce, "Kada ka taɓa komai. Buɗe kwaɗonka kawai."

Ya sauka yana ƙunƙuni. Fuuuu. Ya dawo ya murza, ta tashi bugu ɗaya. Ya zauna riƙe da sitiyari.

Wani tsohon bakanike da ke gefen kasuwar ya karɓi murfin ya jujjuya, ya ce na asalin yana da wata ƴar kafa da iska ke bi, wannan kuwa an toshe shi ruf, famfo yana ja yana ja har ya rasa ƙarfi. Ya tambaya, "Wane mai hikimar ne ya ƙera wannan?" Yaya ya ce mai walda ne. Na ce, "Wa ya sa shi?" Yaya ya harare ni.

Na ce masa a hanya, "A gaban Inna ka faɗa, a gaban Inna za ka janye." Ya ce ai magana ta wuce, kada a tsawaita. Na jira kwana uku, bai je ba.

Rana ta huɗu ya aiko a ce Baban Ƴan Biyu ya fito aiki, an gyara. Na bi shi gonar don in gani da idona. Motar tana tsaye an loda mata ƙwai. Yaya ya nuna murfin da alfahari: an cire robar, an yi masa ɗan huji a gefe. Kwaɗon kuwa yana nan, sabo ma, ya fi na da girma.

Na buɗe baki zan fara, sai mijina ya ɗaga min hannu. Ya daɗe yana kallon kwaɗon. Sannan ya ciro makullin motar daga aljihu, wanda ya riƙe shekara goma sha ɗaya har robar kansa ta suɗe, ya kama hannun Yaya ya sa masa a tafi.

Ya ce, "Yaya, haɗa da wannan, akwai sauran wuri a ƙugun."

Yaya ya ce, "Kai, ƙwan fa? Wa zai kai?"

Mijina bai juya ba. Muka fito ta ƙofar gona a ƙafa, rana tana dukan mu, ba mu da ko tabbacin abin da zai yi gobe. Sai da muka kai bakin titi ya ce min yunwa yake ji.