Dunƙulen Ƙarfena a Jami'a

Babbar mota ta taɓa bi ta kan ƙafata, na tashi na zagi direban. Katangar sito ta rufta a kaina, aka tono ni ina cigiyar hulata. Kwalekwale ya kife da mu a tsakiyar kogi, ni na fito da matuƙin a kafaɗa. Shi ya sa ranar da jikata ta zo filin da nake sayar da tsofaffin ƙarafa ta ce tana cikin tashin hankali, na ɗauka gobara aka yi. Ashe wai magana za ta yi a gaban mutane.

Gajeruwa nake kiranta, 'yar babban ɗana ce, kimiyya take karantawa a jami'a. Suna da wani darasi da ake raba su uku-uku, a ba su abin da masanan zamanin baya suka gano, su fito su bayyana wa jama'a. Bara ta faɗi darasin, don ta juya wa mutane ƙeya tana karanta wa allo takarda. Bana in ta sake, sallamar ta za a yi. Ubanta har ya rame.

Na tambayi abin da aka ba su. Ta ce wani masani ne ya gano cewa in ka rataye nauyi a igiya, ka ja shi gefe ka saki, zai je ya dawo, amma ba zai taɓa wuce tsayin inda ka sake shi ba. Na ce yanzu a kan lilo ake korar mutum daga makaranta? Ta ce ni dai in ba ta ƙarfe.

Na zaɓo mata dunƙule mai girman kan mutum, na yi masa waldar zobe, na rataye shi a inda nake ɗaga injin mota. Washegari ta zo da abokan aikinta biyu. Ɗaya Mai Kwat, yana tafiya a kan yatsu kada baƙin mai ya taɓa masa takalmi, bakinsa kamar rediyon da maɓallinsa ya karye. Ɗayan Tabarau, wanda ko sallama sai ya duba takarda. Sun riga sun raba aiki: Mai Kwat ya yi jawabi, Tabarau ya yi zane a allo, ita kuma ta zauna bayan tebur tana danna kwamfuta. A ƙarshe wani ya jingina ƙeya da bango, ya kawo ƙarfen bakin hancinsa, ya saki, ya jira dawowarsa, don mutane su ga maganar gaskiya ce.

Mai Kwat ya fara gwadawa. Ƙarfen bai ma juyo ba na gan shi a cikin tsofaffin tayoyi, ƙafafu a sama. Tabarau ya ce shi lissafi ya riga ya gamsar da shi, kuma dama idonsa ba lafiya. Waɗannan ne wai za su koya wa duniya. Na ture su na tsaya, na saki. Ƙarfen ya dawo ya gaishe da hancina ya koma, ko gira ban motsa ba. Nan take Mai Kwat ya ce ai an gama, Baba ne zai tsaya ranar, mutane za su so ganin tsoho. Na amince. Wa zai ƙi zaure guda ya kalle shi?

Ranar da safe na sa babbar rigata, na rataye ƙarfen da hannuna a ƙarfen rufin zauren, don ban yarda da ƙullin kowa a wurin ba. Kujerun hawa-hawa ne, cike da yara masu danna waya. Na zauna na sha wahalar da ta fi ta katanga. Wasu suka fito kan hasken da ke ganin ƙashi a cikin jiki, mai jawabin yana magana da takalminsa. Wasu kan ɗigon mai da ke tsayawa a iska, kowace kalma sai an yi mata gyaran murya. Abubuwa masu ban mamaki, mutane sun ƙarar da rayuwa kafin su gano su, sun faɗo hannun waɗanda in ka ba su labarin gobarar gidansu ma sai sun sa ka barci. A zauren nan mutum ɗaya zan iya ɗauka aiki, malamarsu, Dakta. Siririya ce, ba ta murmushi, alƙalaminta kawai ke motsi.

Da aka zo kan namu, Mai Kwat ya sa hannu a aljihu yana kai da komo yana zuba. Tabarau ya cika allo da ƙafar kaza. Gajeruwa kuwa ɗankwalinta kaɗai ake hangowa a bayan kwamfuta, Dakta ko kallon wajen ba ta yi ba. Sai aka kira ni, wai ga jarumin kakanmu.

Na jingina da bango na ɗago ƙarfen. Wayoyi suka tashi sama, ana dariya, wani daga baya yana cewa yau tsoho zai sha. Na dubi Mai Kwat yana washe baki kamar shi ya haife ni. Na dubi yarinyar da za a kora, tana ɓoye. Fuskar da mota da katanga da kogi suka bari, ita zan ara wa matsorata su ci jarrabawa, jinina kuma ya koma gida?

"Gajeruwa, zo riƙe mini."

Ta zo ta karɓa da hannu biyu, ta ɗauka gyara zan yi. Na kakkaɓe rigata na koma kujera na harɗe ƙafa. Mai Kwat ya biyo ni yana raɗa yana roƙo, na ce masa ni ba ni da jarrabawa a nan.

Dakta ta ɗago kai. "Wanda ya yarda da maganar, shi zai tsaya."

Da tsayina aka auna igiyar, ita kuwa sunanta ya bi ta. Tabarau ya turo mata akwati ta hau, aiki na farko mai amfani da na ga ya yi. To ga ƙeya a manne da bango, babu halin juya baya. Ga hannu biyu a cike, babu halin riƙe takarda. Dole ta kalli mutane. Ta fara bayani. Ta ce ƙarfin da ƙarfen nan zai tafi da shi, daga ɗagawar da ta yi masa ya samo, ba shi da wani wurin samo ƙari a hanya, iska ma rage masa za ta yi. Sharaɗi ɗaya ne, saki ake yi, ba a turawa, kuma kai ba ya barin bango.

Ta saki. Ƙarfen ya tafi har kusa da ƙofa, ya juyo, ya tsaya saura faɗin yatsa ya taɓa hancinta, ya koma.

Tafin da aka yi mata ne ya shiga kan Mai Kwat. Ya miƙa wa wani wayarsa a ɗauke shi hoto, ya kama ƙarfen, ya jingina, ya cilla shi gaba da yanga kamar mai korar kaza. Jawabin rukuninsu ma bai saurara ba. Ƙarfena ba ya cin amana, abin da aka ba shi ya dawo da shi. Leɓen ya fashe, kwat ta sha jini.

Bayan Dakta ta duba ta ga haƙoran na nan, ta sa aka ba shi auduga, ta tambayi rukunin dalilin da ya sa ya same shi. Tabarau ya shiga laluben takardu. Gajeruwa ta fuskanci zauren, babu bango a bayanta yanzu, ta ce ya ƙara masa abin da ba nasa ba, shi ya sa ya hau sama da inda ya taso. Ta ƙara bayani har da hannu. Alƙalamin ya motsa.

"Kin wuce," in ji Dakta. "Baɗi ki zo ki nuna wa na bayanki."

Ta nemi in bar musu ƙarfen, na ce sai ranar da suka samu maza. Mai Kwat na sa ya ɗauko shi har bakin titi, auduga a baki, karon farko da na ji shi shiru. A hanya Gajeruwa ta kira ubanta ta ce ya je ya ci abinci, sannan ta tambaye ni yadda na gani. Na gaya mata gaskiya, ta ƙifta ido da ƙarfen ya iso, ina kallo. Ni ban taɓa ba.