Abin da Ban Faɗa wa Likita Ba

Shekara shida ke nan ina fama da ciwon da likitoci ke kira MS, mai cin jijiyoyin jiki a hankali. Yau ƙafa ta yi nauyi, gobe ido ya dushe, jibi in tashi garau har maƙwabta su ce ai Safara'u ta warke. Na gaji da shi, na gaji da 'yan dubiya, na ma gaji da cewa da sauƙi.

Likitar da ke duba ni a Kano, Dakta Radiyya, doka ɗaya ta kafa min: duk sabon abin da na ji a jikina, in ya wuce kwana ɗaya, in gaya mata, don ta san ko maganin ya daina aiki. Na san ba wasa take ba. Ƙafar hagun nan da nake ja, wata guda na yi shiru a kanta, ga shi ta zauna min a haka.

To abin da ya zo bana fitsari ne. Ba na iya riƙe shi. Kafin in ɗauki buta in kai banɗaki ya riga ni. Sai in yi alwala uku a kan azahar ɗaya. Na daina zuwa biki, in zan fita kuma ko ruwa ba na sha.

Ranar Alhamis ɗin da za ni asibiti, maigidana yana gona a Dagumawa, sai ɗana na fari ya kai ni a motarsa. Mu a gidanmu ɗan fari ba a kama sunansa, ba a hira da shi ido cikin ido. Yana da mata da 'ya'ya biyu, amma har yau "wannan yaron" nake cewa. Shi kuwa don tsabar kulawa sai ya biyo ni har ɗakin likita, ya tsaya bayan kujerata da wayarsa yana rubuta duk abin da aka faɗa.

Likita ta duba idanuna, ta ƙwanƙwasa gwiwoyina, ta sa na yi tafiya. Sannan ta tambaya kai tsaye, yaya fitsari, yaya bayan gida. Ita 'yar birni, ba ta tambayi ko shi ne na nawa a 'ya'yana ba. In ce ya fita kuwa, ai na gama faɗa masa ke nan. Na kalli ƙasa na ce komai lafiya lau. Ta yi murmushi, ta ce in ci gaba da maganina, in dawo bayan wata uku.

A hanyar dawowa muka tarar da cunkoso a gadar Wudil, manyan motocin shanu suna shigowa don kasuwar gobe. Muka tsaya cak, ruwa ta dama, ruwa ta hagu. Na matse, na yi ta salati a zuci, na roƙi Allah ya bar ni ko minti goma. Ban samu ba. Na ji ɗumi yana bin zanena har kujera.

Yaron bai waiwayo ba, amma na ga idonsa a madubi, ya kuma kawar da shi da sauri. Da muka haye gadar ya gangara gefen titi, ya cire babbar rigarsa ya miƙo min ta baya. Ya latsa waya, ya ajiye ta kusa da ni tana ringi, ya fita ya tsaya a rana ya ba motar baya.

"Malam Lukman? Kun isa?" in ji likitar, ta ɗauka yaron ne.

"Ni ce, likita. Ƙarya na yi miki ɗazu."

Na gaya mata komai, ina kuka ina jin haushin kaina. Ta tambayi tun yaushe. Na ce wata biyu. Ta ce in dawo Litinin da safe a yi gwaji, wataƙila a canza magani. Na tambaye ta ko zai koma daidai. Ta ce ba za ta yi min alkawari ba.

Na kashe wayar. Yana nan tsaye a rana daga shi sai 'yar ciki, yana jira in kira shi, ni kuma na kasa ɗaga kai.