Iskar Ɗakin Ɓeraye

Dutsen farko ta tagar ofis ya shigo da rana tsaka, ya tarwatsa gilashi a kan teburin Likita, shugabar binciken. Baffan Ɓera yana can ciki, a ɗakin dabbobi, yana sauya wa ɓeraye ruwan sha, don haka ƙarar kawai ya ji. Sai ihu ya biyo baya, irin wanda bakin mutum ɗaya ba ya iya yi.

Aikinsa ke nan a cibiyar binciken, kula da fararen ɓerayen da ake gwada allurar riga-kafin korona a kansu. Duk lokacin da cutar ta rikiɗa ta fito da sabon nau'i, sai a ɗiga wa ɓerayen shi a hanci, da waɗanda aka yi wa allura da waɗanda ba a yi wa ba, a zuba ido a ga garkuwar jikin wa za ta tsaya. 'Yar yayansa ce ta raɗa masa sunan tun tana ƙarama, don in ya dawo gida takan toshe hanci ta ce Baffa na warin ɓera, ko da ya ƙarar da sabulun duniya a jikinsa. Sunan ya bi shi har wurin aiki. Ita kuwa yarinyar, sabon nau'in nan ne ya ɗauke ta a makon jiya, tana gab da gama makaranta.

Tun daga ranar unguwa ta ɗauki magana, wai a ginin nan ake kiwon cutar, in ta ƙoshi a sake ta cikin mutane. Kowa ya ji daga bakin wanda ya ji daga bakin wani. Baƙin ciki ya nemi wanda zai shaƙe, ga shi ƙwayar cuta ba ta da wuya, ginin kuwa yana da ƙofa.

Ɗakin ɓerayen ƙofa biyu gare shi, da ɗan lungu a tsakani inda ake saka kayan kariya. Ba a buɗe ta ciki sai ta waje ta rufu. Abin da ya shiga da rai ba ya fita da rai, sai mutum, shi ma sai ya tuɓe ya yi wanka. Wanda kuma ya kuskura ya shaƙi iskar ciki babu takunkumi, to ba ya kwana a gidansa, killace shi ake yi har sai an tabbata ba ya ɗauke da komai.

Likita ta bayyana a bayan ƙaton gilashin da ke kallon baranda, jini na bin goshinta. Ta danna maɓallin magana.

"Sun fasa wa mai gadi kai, sun shigo. Ka ji ni? Kashe ɓerayen. Duka."

"Har da na allura, Likita? Jibi fa za mu ɗebi jininsu."

"Duka na ce! In keji ɗaya ya fita titi..."

Ba ta ƙarasa ba. Wani ya finciko ta ta wuyan riga, kanta ya bugi bango, aka ja ta a ƙasa takalminta ɗaya ya rage a wurin. Fuskoki suka cika gilashin. Ya gane mai shagon kusa da gidansu, ya gane direban da ke kai shi aiki in ya makara. Suka yi ta dukan gilashin da duwatsu da ƙafar kujera, ya yi fari ya tsattsage amma ya ƙi faɗuwa. Can sai wuta ta ɗauke, fankar da ke zuƙe iskar ɗakin ta yi shiru, ya rage sai ɗan hasken fitilar batir.

Akwai akwatin gas da ake sa ɓeraye su yi barcin da ba tashi, amma kaɗan-kaɗan yake ɗauka, kuma ba ya sauri. Baffan Ɓera ya jawo babban bokiti ya tuttula bilic mai kashe ƙwayoyin cuta a ciki, ya ɗauki ɗan guntun ƙarfen da ake ajiye wa irin wannan rana. A kama ɓera ta gindin wutsiya, a danne ƙeyarsa da ƙarfen, a fizga. Ƙarar ba ta wuce ta karya tsinken ashana ba. Ya jefa na farko a bokiti, ya miƙa hannu ya ɗauko na biyu.

Waɗanda ba a yi wa allura ba ba su ba shi wahala ba, dama sun takure a kusurwa, gashi a tashe, numfashi da ƙyar. Na allurar ne suka ƙona masa rai. Lafiyarsu ƙalau, suna tsalle, suna cizon safar hannu, wasu har suna miƙo hanci sun zaci abinci ya kawo. Shi ya raine su, shi ya san wanda ke da rowa da wanda ke tono da baki. Yana fizga yana zagi, bai ma san wa yake zagi ba. Gumi ya cika masa takunkumi, jini ya ɓata gaban farar rigarsa, bokitin ya fara cika.

Sai ya ji wata ƙara daban a lungun, wani huci mai kaifi da ya sani tun yana yaro. Wutar gas ce ta masu walda. Sun riga sun ɓalle ƙofar waje, yanzu ta ciki ake yankawa. Kuma duk unguwar mutum ɗaya ne ke yanka ƙarfe da wannan natsuwa, a hankali, ba gargada.

"Yaya!" ya ƙwalla. "Yaya, kai ne? Don Allah kashe wutar nan!"

Jan layin wutar ya ci gaba da zagaya makullin.

Keji ɗaya ya rage, na Kaka. Doka ta hana raɗa wa dabbar gwaji suna, lamba ake ba su, amma wa zai kira wannan tsohuwa da lamba? Kowane nau'i aka ɗiga mata ta shanye. Wannan sabon ma da ya kashe 'yar yayansa yana cikin hancinta yanzu haka, ko atishawa ba ta yi ba. A jininta Likita ta fi sa rai. Ya ɗauko ta, ta hau tafin hannunsa ta zauna tana share fuska. Ransa ya raya masa ya ɓoye ta cikin riga. Amma ɓoye ta fitar da ita ne, abin da ke hancinta kuwa bai san sabo ba.

Makullin ya faɗo ƙasa jajir. Yaya ya hankaɗe ƙofar da ƙafa.

"Kar ka shigo! Tsaya daga nan, Yaya, rufe hancinka!"

Yaya ya shigo, tabaran walda a goshi, sandar ƙarfe a hannu. Lungun ƙarami ne, tukwanen gas ɗinsa sun cike shi, ga zafin ƙarfe, shi ya sa sauran suka tsaya cirko-cirko a bakin ƙofar waje suna leƙe. Ya dubi bokitin, ya dubi jinin da ke rigar ƙanensa.

"Tare muka ɗauki gawar 'yata da kai," ya ce. "Kana kuka har kana shiɗewa. Ashe a nan kake ba abin da ya kashe ta abinci."

Sandar ta sauka a kafaɗar Baffan Ɓera, wani abu ya yi ƙas a ciki. Naushi ya biyo, takunkumin ya yi gefe, haƙori ya fasa masa leɓe. Ya faɗi a kan gwiwa, hannunsa na dama a dunƙule a ƙirji.

"Mene ne a hannunka? Ba ni nan. Mutane za su gani da idonsu."

Ƙarfen fizga ya riga ya faɗi wani wuri. Da yatsu ya yi. Ya ji ɗan wuyan ya karye tsakanin babban yatsansa da manuni, ƙafafun suka yi shure-shure suka tsaya. Ya cusa ta can ƙasan bokitin, ya riƙe ta a ciki duk da Yaya na ta shurinsa a haƙarƙari, har sai da ya kife a ƙasa.

Ya tofar da jini.

"Yaya, tun da ka shigo kake numfashi."

"Me ka ce?"

"Fanka ta mutu. Duk abin da ke hancinsu yana cikin iskar nan, ka sha, ni ma na sha. Auta tana gida da asmarta. In ka koma, wa za ta fara rugowa ta rungume?"

Sandar da ke sama ba ta sauko ba. Auta ce kaɗai ta rage wa Yaya, kuma tun rasuwar yayarta a ƙirjinsa take barci. Baffan Ɓera ya ga tsoro ya shiga idon yayansa, ya ture fushin gefe. Yaya ya kai hannu ya toshe bakinsa, alhali ya san ya makara.

A bakin ƙofa an gaji da jira. Direban nan ya fara tsallake tukwanen gas yana cewa a fito da munafukin a ƙone shi da ɓerayensa. Yaya ya juya. Taku biyu ya kai shi lungun, ya fizgi kan waldar ya kunna, ya miƙa harshen wutar saitin fuskar mutumin.

"Baya!"

"Kai, maigida, mu ne fa!"

"Na ce baya!"

Wutar ta lashi hannun rigar direban, ya kurma ihu ya faɗa kan na bayansa, warin ƙonannen gashi ya tashi. Yaya ya sa kafaɗa ya maido da ƙofar waje, ya danne ta da bayansa. Duka ya fara sauka a kanta daga waje, ana kiransa maci amana da bakin da ɗazu ake masa kirari.

"Tashi ka kawo min ƙarfen can," ya ce, ba tare da ya dubi ƙanensa ba.

Baffan Ɓera ya rarrafa ya jawo sandar da aka karya masa kafaɗa da ita. Ya gicciya ta a jikin ƙofar da hannunsa mai lafiya. Yaya ya sauke tabarau ya hau liƙe ta da walda, tartsatsi ya fara zuba a kan takalmansu.

Sai da gefe ɗaya ya kama sannan Yaya ya yi magana.

"Na ƙarshen nan da ka hana ni. Me ya bambanta shi da sauran?"

"Mace ce. Cutar ba ta iya mata. Jibi za a ɗebi jininta a ga dalili, ko a dace da allurar da za ta tsare irin su Auta."

Ruwa ya gangaro wa Yaya ta ƙarƙashin baƙin tabaran ya shige gemunsa. Ya matsa da wutar zuwa ɗaya gefen.

"Riƙe da kyau," ya ce.